An rage ci, ana tattaki, amma teɓa na nan: yadda ake rage ƙiba bayan shekara 50

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga iyayenmu da yayyenmu da suka haura hamsin. Wata ta ce wata biyu ke nan da ta bar tuwon dare, amma ɗaurin zanenta na nan inda yake. Wani ya ce kullum daga masallacin Asuba sai ya zagaye unguwa, ya dawo ya hau sikeli ya tarar da lambar jiya. Sai a rufe da cewa, "Na gaji, ƙila haka Allah ya yi jikina." Wannan gajiyar gaskiya ce, kuma ita ke sa mutum ya watsar da komai a daidai lokacin da aikin ya fara kama jiki.

Daga shekara 30 tsokar jiki takan fara zagwanyewa da kusan kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Mace idan al'ada ta ɗauke mata, kitsen da a da yake taruwa a cinya da ɗuwawu sai ya koma ciki. Saboda haka aikin mai shekaru shi ne ya rage kitse ba tare da ya zubar da tsokar da ta rage masa ba, kuma sikeli da madubi su ne na ƙarshe da za su ba shi labarin nasara. Ku bi matakan nan yadda na jera su, domin jerin ma wani ɓangare ne na maganin.

1. Asibiti tukuna, kafin a taɓa kwanon abinci

Ku tattara duk magungunan da kuke sha a leda guda, har da na gargajiya da na ciwon gwiwa da aka saya a kemis, ku kai wa likita. Akwai waɗanda ke ƙara nauyi ko tara ruwa a jiki: allurar insulin, glibenclamide na masu ciwon suga, amitriptyline, da uwa-uba prednisolone da dexamethasone waɗanda mutane ke sha barkatai saboda ciwon gaɓɓai. Waɗannan biyun na ƙarshe suna kumbura fuska da ciki, su siranta hannu da ƙafa. Amlodipine na hawan jini kuma yakan kumbura idon sawu, mutum ya zaci ƙiba ce.

Ku nemi a auna muku hawan jini, da suga da safe kafin karyawa, da aikin ƙoda. Suga da ya kai 126 (a ma'aunin mg/dL) a wannan awon, idan an maimaita an sake samun haka, ciwon suga ne. Tsakanin 100 da 125 kuwa yana bakin ƙofa. Idan akwai yawan kasala da jin sanyi da bushewar fata da taurin bayan gida, ku ce a ƙara da gwajin TSH, wanda ke duba aikin ƙullin nan na gaban wuya da idan ya kumbura ake ce masa maƙoƙo. Awon hawan jini da na suga da ake huda yatsa ba su da tsada, ana yin su a asibitin unguwa. Na ƙoda da TSH sun fi kuɗi, amma sau ɗaya ya wadatar a farkon tafiya.

Gargaɗi: kada ku tsayar da wani magani da kanku don kun ga sunansa a nan. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone, idan ya yanke shi rana ɗaya, abin na iya kai shi gadon asibiti. Likita ne zai rage shi sannu a hankali ko ya canza wani.

2. Kayan awo, da yadda ake awon

Abu huɗu kuke buƙata: tef irin na tela, ƙaramin littafi da biro, kujera mai ƙarfi marar hannu, da sikeli. Tef ɗin bai wuce kuɗin lemon kwalba ɗaya ko biyu ba, kuma ya fi sikelin amfani. Wanda ba shi da halin sayen sikeli ya riƙa zuwa kemis ɗaya tak, domin sikeli biyu ba sa yarda da juna.

Ƙugu: ku tsaya a miƙe, ku laluba ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da kan ƙashin kwankwaso, ku zagaya tef a tsakiyarsu, a kan fata. Ku fitar da numfashi kamar yadda kuka saba, ba tare da shanye ciki ba, sannan ku karanta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne haɗari na fara ƙaruwa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, ya yi tsanani daga 102 da 88. Akwai hanya mafi sauƙi: ku auna tsayinku da igiya, ku ninke ta gida biyu ta zama rabin tsayinku, ku gwada ko za ta zagaye ƙugu. Tazarar da ta rage tsakanin bakin igiyar biyu ita ce aikin da ke gabanku. Awon ƙugu sau ɗaya a mako biyu ya isa.

Nauyi: da safe, bayan an kewaya, kafin a sa komai a baki, da tufafi iri ɗaya, a kan siminti ko tayil, ba a kan darduma ba. Ku hau sau uku a mako, ku haɗa lambobin ku raba uku, wannan ita ce lambar makon. Nauyin mutum na iya hawa da sauka da kilo 1 zuwa 2 a yini ɗaya saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji. Wanda ya ci tsire mai yaji da daddare ya ga ƙarin kilo da safe, ruwa ne gishirin ya riƙe, ba kitse ba.

Ƙarfi: ku zauna a kujerar, a jingine ta da bango, ku rungume hannu a ƙirji, wani ya riƙe agogo. Sau nawa za ku miƙe tsaye ku koma cikin daƙiƙa 30? Ga mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da 14 ga namiji ko ƙasa da 12 ga mace alama ce ƙafafu sun yi rauni. Ku rubuta lambar.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne hawa sikeli sau biyu ko uku a yini, a yanke wa kai hukunci da lambar yamma.

3. Ku sa buri da jiki zai iya cikawa

Burin farko kashi 5 cikin 100 ne na nauyinku cikin wata uku zuwa shida. Mai kilo 90 yana neman kilo 4 da rabi ke nan. Na san wannan ba zai fito a ƙarƙashin babbar riga ko hijabi ba, maƙwabta ma ba za su lura ba. Amma a wani babban bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, masu dab da kamuwa da ciwon suga da aka ɗora kan rage kashi 7 na nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, a cikin waɗanda suka kai shekara 60 kuwa da kashi 71. Dattawan sun fi matasan cin riba. Kowane kilo ɗaya da ya sauka kuma yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a duk taku.

Kitsen da ke fara tafiya shi ne na can ciki, wanda ya lulluɓe hanta da hanji, shi ne kuma mai haddasa ciwo. Wanda ake damƙowa da hannu a ƙasan cibiya shi ke tafiya daga baya, fatar da ta daɗe a miƙe ma ba ta komawa da wuri a wannan shekarun. Rabin kilo a mako shi ne iyakar saurin da ya dace, kwata ma ba laifi.

Gargaɗi: wanda ya haura 70, ƙibarsa ba ta yi yawa ba, ba shi da suga ko ciwon gwiwa mai hana tafiya, ya tambayi likita ko rage nauyin ma ya dace da shi. Sau da yawa abin da ya fi masa shi ne mataki na 6 kaɗai.

4. Mako biyu na farko: abin sha da mai, ba tuwo ba

Kusan kowa da tuwon dare yake farawa, kuma a nan ake shan wahalar banza. Mutum ya kwana da yunwa, barci ya ƙi zuwa, gari ya waye ya rama da shayi mai kauri da rabin biredi. Ku bar tuwo ya huta tukuna.

Ku fara da abin da ake kurɓa. Lemon roba mai santilita 50 na ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) sama da 200. Tattakin minti 30 na mai kilo 80 kuwa bai fi kalori 150 yake ƙonawa ba, wato roba ɗaya ta shafe wahalar safiyar har da bashi. Maltina da 'yan'uwanta, zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa, fura da aka dama da sukari, shayin da aka zuba wa madara da Milo da ƙwayar suga huɗu, duk layi ɗaya suke. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sukarin da ake ƙarawa ya yi ƙasa da ƙaramin cokali 12 a yini, idan an tsaya a 6 ya fi. Ku rage rabin sukarin shayi a makon farko, ku sake rage rabi a na biyu. Harshe yakan saba. Zoɓo a dafa shi a gida da citta da kanumfari, ba sukari.

Gargaɗi: komawa zuma ba ragi ba ne. Babban cokalin zuma ya fi na sukari kalori, kuma yana ɗaga sugan jini.

Sai mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Gwangwanin madara ɗaya na mai, wanda ake tuttulawa a tukunyar miya ba tare da an ji komai ba, ya haura kalori 1,000, fiye da rabin abin da mace mai shekara 60 ke buƙata a yini. Ku duba miyar da ke kwanonku: idan mai ya taso ya yi ja a sama, ku karkata kwanon ku kwashe shi da cokali. Mafi kyau a riƙa auna man da cokali tun daga kicin. Wannan magana ce da sai an zauna da mai girkin gida an yi ta cikin mutunci, domin maigidan da ya ce zai rage ƙiba bai gaya wa uwargida dalili ba, ita za ta ɗauka girkinta ne ya daina masa daɗi. Ƙosai da waina da soyayyen dankali da awara soyayya a mayar da su sau ɗaya ko biyu a mako. Gyaɗa abinci ce mai kyau, amma cikin tafin hannu ɗaya ya kai kalori 170, kuma ba wanda ke tsayawa a tafi ɗaya idan hira ta yi daɗi.

A rage dunƙulen ɗanɗano ma, a ƙara daddawa da tafarnuwa. Gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen.

5. Mako na uku: a gyara kwano

Yanzu a zo kan tuwo. Ku ware kwanonku daban. Mai ci a tire ɗaya da iyali ba zai taɓa sanin abin da ya ci ba. Malmala ta zama kamar dunƙulen hannunku, ɗaya. Rabin kwanon ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo. Sauran gurbin na abinci mai gina jiki ne. Hadisin nan da muka sani na kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, shi ne ma'aunin tashi daga kwano.

Mai shekaru ya fi matashi buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin tsokarsa ta amsa: kusan giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki, a rarraba shi giram 25 zuwa 30 a kowane ci. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin dafaffen wake wajen 14. Kifi mai girman tafin hannu wajen 20. Kofin kindirmo wajen 8. Ba sai an sayi nama kullum ba. Wake da alale da waken suya da busasshen kifi sun fi araha, kuɗin da aka daina kashewa a lemo ma zai sayi ƙwai biyu. Karin kumallo ne ya fi talaucin furotin a gidajenmu, koko da biredi ko shayi da biredi, don haka daga nan za a fara gyara.

Tuwon alkama da acca da ake cewa na masu rage ƙiba ne, kalorinsu bai yi nisa da na masara ba. Malmala uku ta acca, malmala uku ce.

Gargaɗi: mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai shan insulin ko glibenclamide kuma, idan ya rage abinci bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa: rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri. Ya sanar da likita tun kafin ya fara, ya riƙa yawo da dabino ko alewa a aljihu. Haka batun azumin Litinin da Alhamis: ibada ce mai lada, amma idan buɗa-baki ya zama kunu mai sukari da ƙosai da lemo, sikeli ba zai san an yi azumi ba.

6. A tashi tsoka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma wanda na fi so ku riƙe ko da kun saki sauran. Wanda ya rage ci bai motsa tsoka ba, wani kaso na abin da ya zubar tsoka ce. Zai rame a fuska da hannu, mutane su fara tambayarsa ko lafiya, tumbin kuma yana nan. Idan nauyin ya dawo daga baya, kitse ne zalla ke dawowa.

Ba a buƙatar gidan motsa jiki ko sayen ƙarfe. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka gorar ruwa da jarka sun wadatar. Kwana biyu ko uku a mako, da hutun yini a tsakani, ku yi waɗannan a ɗaki ko tsakar gida. Tashi da zama daga kujera, a hankali wajen komawa, kada a faɗa mata. Tura bango: ku tsaya taku ɗaya daga bango, ku dafa shi da tafuka, ku kai ƙirji kusa ku turo kanku baya. Jan jarka: ku dafa kujera da hannu ɗaya, ku sunkuya kaɗan da baya a miƙe, ku jawo jarkar zuwa kwiɓi. Ɗaga gora sama da kai. Ɗage dunduniya a tsaya kan yatsu, ana riƙe da bango. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita. Idan na 12 ya daina wahala, a ƙara ruwa a jarkar. Nauyin da bai ƙaru ba, tsoka ba ta ƙaruwa da shi. Wanda ya kai 65 ya haɗa da tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, kwana uku a mako, saboda kariya daga faɗuwa.

Gargaɗi: kada a riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, yana harba jini sama. Ciwon ƙirji, jiri, ko haki da ya wuce misali, a tsaya a nemi likita. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne, amma ciwo mai suka a cikin gaɓa alama ce a sassauta. Ku sani kuma a mako na farko da na biyu sikeli na iya hawa kaɗan, domin tsokar da ta yi sabon aiki takan riƙe ruwa. Mutane da yawa a nan suke karaya.

Atisayen ciki ɗari a yini ba ya narkar da kitsen ciki, yana dai ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashinsa.

7. Tattaki da barci

Minti 150 a mako shi ne mafi ƙaranci, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ku iya magana amma ba za ku iya rera karatu ba. Ana iya raba shi goma-goma, kuma minti goma bayan cin abinci na taimaka wa suga ya sauka. Lokacin zafi a fita bayan Asuba ko dab da Magariba. Uwar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida da agogo a hannu. Mai ciwon suga ya sa rufaffen takalmi, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare.

Barcin da bai kai awa 7 ba yana buɗe ciki, yana sa kwaɗayin zaƙi. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ya wuni yana gyangyaɗi, ya faɗa wa likita. Ciwo ne mai magani, kuma yana da hannu a hawan jini.

8. Abin da ba za a kashe wa kuɗi ba

Yawancin shayin rage ƙiba filasko ne ko wani abu mai sa gudawa ko yawan fitsari. Sikeli zai sauka da kilo biyu cikin kwana uku, ruwa ne ya fita, da an sha ya dawo. Ga dattijo mai shan maganin hawan jini, wannan bushewar na iya taɓa ƙoda da bugun zuciya. Ɗamarar matse ciki zufa kawai take sawa. Lemon tsami da ruwan zafi da safe ba ya cutarwa, ba ya kuma narkar da kitse.

Allurai irin su Ozempic suna aiki da gaske, amma suna da tsada, sai da likita, suna tafiya da tsoka idan ba a motsa ta, kuma nauyi yakan dawo idan an daina. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsu da aka kama a wasu ƙasashe. Kada a saye su a hannun 'yan talla na waya.

9. Hisabi a mako na 4 da na 12

Kafin mako huɗu kada ku yanke hukunci. Idan lokacin ya yi, da kuma a mako na 12, ku buɗe littafin ku kwatanta abu uku: matsakaicin nauyin mako, ƙugu, da lambar kujera.

Idan ƙugu ya ragu ko da santimita 1 ko 2 ne, sikeli kuma bai motsa ba, aiki na tafiya, kada a canza komai. Ku duba sauran shaidu ma: ramin bel, zoben da ya fara juyawa a yatsa, tasowa daga sujada ba tare da dafa bango ba, hawa bene ba tsayawa a tsakiya, lambar hawan jini.

Idan duka ukun sun tsaya cik, ku rubuta duk abin da ya shiga bakinku na kwana uku, ɗaya daga ciki ya zama ranar biki ko suna ko Juma'a. A rubuta a lokacin da aka ci, har da ɗanɗanon miya a kicin, ragowar abincin jika, da lemon da aka kawo wa baƙo aka taya shi sha. Kusan kullum a nan ɓarakar take fitowa. Ku gyara abu ɗaya kacal, ku ba shi mako biyu. Kada a zabge abinci rabi saboda haushi.

Tsayawar nauyi bayan wata biyar ko shida abu ne da aka sani, domin jikin da ya ragu buƙatarsa ma ta ragu. Wanda ya kai kashi 5 ɗinsa ya riƙe shi na wata biyu ko uku, ya koma a sake duba magungunansa, sau da yawa akan rage na suga ko na hawan jini, sannan ya sa sabon buri.

Gargaɗi: hali biyu ba sa jiran mako na 12. Nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku tare da kumburin ƙafa ko haki idan an kwanta, wannan ruwa ne, yana iya zama zuciya ko ƙoda, a tafi asibiti a ranar. Nauyi kuma ya riƙa zuba da sauri fiye da ƙoƙarin da ake yi, musamman da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko jini a bayan gida, shi ma a je a bincika, kada a ɗauke shi a matsayin nasara.